Yawon Shan Iska a Bakin Kogi

Mu da muke neman abinci a Titin Ibrahim Taiwo, 'yan Fagge da 'yan Sabon Gari, kullum cikin ƙura da hayaniyar motoci muke. Jiki kuwa yana son hutu.

Kano ba ta da teku, amma Allah ya ba mu ruwa kusa. Ga Kogin Calawa kudu da birni. Ga kogin Wudil a hanyar Maiduguri. Ga madatsar ruwa ta Tiga, wadda aka gama a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Mutum ya yi sammako da iyalinsa, su wuni, su komo kafin magariba.

To, amma ku lura. Kada ku bar yara su yi wanka inda ruwa ya kwanta. A nan ƙananan katantanwa ke zaune, su ne ke ɗauke da ƙwayar tsargiya. Ta fata ƙwayar ke shiga, bayan 'yan makonni sai yaro ya soma fitsarin jini. Waɗansu sukan ce alamar balaga ce. Ba haka ba ne. Ciwo ne, yana kuwa da magani a asibiti.

Ku tafi da ruwan shanku daga gida. Allah ya kiyaye hanya.