Daga Kano Zuwa Jidda: Nisan Hanya Da Awoyin Tafiya

Wannan shi ne jawabin da wani malamin yaƙi da jahilci ya yi wa ɗalibansa masu niyyar zuwa aikin Hajji.



Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Maniyyata da yawa suna tambaya, shin Jidda tana da nisa? Awa nawa jirgi yake yi a sama? Ga amsa.

Daga Filin Jirgin Sama na Malam Aminu Kano zuwa Filin Jirgin Sama na Sarki Abdul'aziz da ke Jidda, kimanin kilomita 3,400 ne. Wato kamar mutum ya yi tafiyar Kano zuwa Kaduna har sau 15. Babban jirgi yana cin fiye da kilomita 800 a awa ɗaya. Saboda haka, idan ya miƙe hanya, yana isa cikin awa 4 da rabi zuwa awa 5.

Miƙaƙƙiyar hanyar gabas take yi. Tana bi ta saman Chadi da Sudan, sannan ta haye Bahar Maliya. Nan kakanni suka bi a ƙasa da kan jakuna. Wasu sai sun yi shekaru suna aikin gona a hanya don neman guzuri. Wasu ma ba su dawo ba.

Amma ba kullum jirgi yake samun miƙewa ba. A shekarar 2023, da yaƙi ya ɓarke a Sudan, an rufe sararin samaniyar ƙasar. Dole jiragen alhazai suka riƙa zagaye, tafiyar ta ƙara tsawo. Don haka maniyyaci ya tambayi jami'ai tsawon tafiyar tun kafin a tashi.

Abu na biyu shi ne agogo. Agogon Saudiyya yana gaban na Nijeriya da awa 2. Misali, jirgi ya tashi daga Kano da ƙarfe 10 na safe, ya yi awa 5 a sama. A Kano ƙarfe 3 ne, amma a Jidda ƙarfe 5 na yamma ta yi. Wanda bai gyara agogonsa ba zai rikice wajen lokacin salla, ko ya makara motar ayarinsa ta tafi ta bar shi. Mai shan magani a kan lokaci kuwa, ya nemi shawarar likita tun yana gida, kuma ya sa maganin cikin jakar hannu.

Abu na uku, saukar jirgi ba ita ce ƙarshen tafiya ba. Akwai layin duba fasfo, akwai jiran kaya. Daga filin jirgin zuwa Makka kuma kusan kilomita 100 ne a mota. Iyalin da ke gida kada su tayar da hankali don awa 5 ta cika ba su ji labari ba.

A ƙarshe, tikiti da allunan filin jirgi duk da lambobi suke magana. Wanda ya iya karatu shi zai duba lokacinsa da kansa, har ya taimaki na kusa da shi. To, a dage da zuwa aji.

Allah ya kai lafiya, ya dawo da kowa lafiya.