Madatsun Ruwa da Rafuka, da Abincin Kifi a Kogunan Kano

Jawabi ga Hakimai da Malamansu

Kowane hakimi da kogi ya ratsa ƙasarsa ya saba jin kukan masunta, cewa kifi ya yi ƙaranci. Yawanci akan ɗora laifin a kan koma mai ƙananan idanu, ko yawan masu su. Akwai gaskiya a ciki, amma tushen maganar yana wajen abin da kifin yake ci, da kuma inda abincin nan yake fitowa.

Kogin Kano da Kogin Challawa suna haɗuwa kusa da Tamburawa, su wuce ta Wudil, su zama Kogin Haɗeja. A da, idan damina ta yi nisa, sai ruwa ya cika ya tumbatsa, ya malala cikin fadamu. Busasshiyar ciyawa da kashin shanun da suka yi kiwon rani a wurin sai su jiƙa su ruɓe. Daga ruɓewar nan gansakuka take samun ƙarfi, tare da waɗansu 'yan halittu da ido ba ya gani. Tsutsotsi da 'ya'yan ƙwari su ci waɗannan. Karfasa da tarwaɗa kuwa su bi sabon ruwa su shiga cikin ciyawa su zuba ƙwai, 'ya'yansu su tashi cikin yalwa, inda manyan kifi ba su iya kai musu. Sa'ad da ruwa ya soma janyewa, sai su gangaro kogi da ƙiba, tsage da giwan ruwa su sami nasu, zalɓe ya sami nasa, masunci ya cika gora. Bayansu sabuwar ciyawa ta tsiro, Fulani su sauko da shanu, a sake sabon lale. Watau ambaliyar da manomi yake tsoro ita ce take ɗora wa kogi tukunya.

A shekarar 1974 aka gama madatsar Tiga a kan Kogin Kano, a zamanin Gwamna Audu Baƙo, sa'an nan a 1992 aka gama ta Challawa a ƙasar Ƙaraye. Amfaninsu ba ya ɓoyuwa. Birnin Kano ya sami ruwan sha, manoman Kadawa da Kura suna noman shinkafa da alkama da tumatir da rani, tafkin Tiga kansa kuma ya zama wurin su. Amma madatsa takan tare ruwan damina, ta riƙa sakinsa kaɗan kaɗan duk shekara. Laka mai taki, wadda a da take sauka a fadama, yanzu kwantawa take a gindin tafki. Fadamun Haɗeja da Nguru suka daina cika kamar da, wurin zuba ƙwai ya ragu.

Abin da ya fi wannan ban mamaki shi ne ɓarnar da ruwan rani ya yi. Hanyoyin ruwan da a da suke ƙafewa wata da watanni suka zama ba su bushewa, sai ciyawar kacala ta samu wurin zama. Ta toshe hanyoyin, ta hana jirgi wucewa, ta hana jefa koma, ta karkatar da ruwa zuwa inda ba a bukatarsa. Tsuntsayen jan baki suka mai da ita gida, daga can suke tasowa su faɗa wa shinkafa da gero. Kogin Jama'are, wanda yake gangarowa daga duwatsun Jos, ba a datse shi da babbar madatsa ba, shi ya sa har yanzu yake kai wa fadamun nan ruwan damina irin na da. Reshe ɗaya mai lafiya yana iya rufa wa babban kogi asiri.

Amma ba kowane reshe ne yake kawo alheri ba. Ruwan da yake fitowa daga masana'antun Sharaɗa yana bin rafin Salanta zuwa Kogin Challawa, na unguwar masana'antu ta Challawa kuwa kogin yana bakin ƙofarsa. Na Bompai, wadda ita ce tsohuwarsu, yana bin rafin Getsi ya shiga Jakara, ya tsaya a madatsar Wasai ta ƙasar Minjibir. Ko da yake masana'antu da yawa sun rufe, ruwan jima da na rini da na kwatamin gari bai daina zuba ba. Ruwan jima yana ɗauke da gashi da tarkacen nama, waɗanda in suna ruɓewa sukan shanye iskar da kifi yake shaƙa cikin ruwa. Ƙwari masu son ruwa garau su ne suke fara ɓacewa, karfasa ta bi bayansu. Tarwaɗa da gaiwa sukan jure, gama suna iya leƙowa sama su shaƙi iska. Saboda haka in aka ga kamu ya koma kusan tarwaɗa zalla, a bincika, ruwa ba ya tsami banza.

Har wa yau akwai gishirin wani ƙarfe, kuromiyam, da ake jima da shi. Ba ya ruɓewa. Yakan kwanta cikin laka, tsutsa ta ci lakar, kifi ya ci tsutsar, mutum ya ci kifin. Masu lambu a bakin Getsi da Jakara kuma da ruwan suke ban ruwan latas da alayyafo. Haɗarin ya fi tsanani da rani, lokacin da babu ruwan sama da zai surka shi. A Kogin Challawa, ruwan da ake saki daga madatsar Ƙaraye shi ne yake rage masa kaifi, don haka duk ranar da aka rage saki, masuntan ƙasa su ne za su fara gani a komarsu.

Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, ita take kula da sakin ruwan madatsun nan biyu, amma ba ta da ido a kowace mashaya. Ya kamata hakimi ya riƙa kiran Sarkin Ruwa da dagatan bakin kogi sau biyu a shekara, da kaka da kuma tsakiyar rani. Malamin hakimi ya rubuta irin kifin da aka fi kamawa, da wanda aka daina gani, da inda ruwan damina ya tsaya a fadama. In kifi ya mutu ya taso, a rubuta ranar, da launin ruwan, da warinsa, da sunan rafin da ya fi kusa ta sama, a aika wa Majalisar Sarki a ranar, kafin ruwan ya wuce da shaida.