Alkama: Abincin Wani, Gubar Wani



Uwargida, idan kina kwaɓin fulawa za ki yi fanke ko gurasa, kin lura da danƙon nan da ke sa kwaɓin ya yi ta miƙewa bai tsinke ba? To, shi likitoci ke kira gulutin, sinadarin gina jiki da ke cikin alkama da sha'ir. Yawancinmu muna cinsa lafiya lau, don haka kada kowa ya tsorata ku da burodi.

Sai dai kusan mutum 1 cikin 100 a duniya yana da cutar siliyak. Da gulutin ya shiga cikinsa, sai garkuwar jikinsa ta far wa ƙaramin hanjinsa, ta lalata 'yan tsirgogin da ke tsotsar amfanin abinci. Baki na ci, jiki ba ya samu. Sai ka ga yaro kullum cikin zawo da kumburin ciki, jini ya yi ƙasa, ya rame, tsararrakinsa sun bar shi a baya.

Wani likitan yara ɗan ƙasar Holan, Willem Dicke, shi ya gano bakin zaren. A yunwar da ta auka wa ƙasarsu daga 1944 zuwa 1945 burodi ya yi wuya, sai yaran da yake dubawa masu wannan ciwo suka murmure. Da burodi ya dawo, ciwo ya dawo. Kuma kada a ce cutar Turawa ce. Wani bincike na 1999 ya same ta a jikin fiye da yara 5 cikin 100 na al'ummar Yammacin Sahara, a nan Afirka.

Iyaye, idan kun ga waɗannan alamu, a tafi asibiti. Kada a janye wa yaro alkama kafin gwajin jini, domin yin haka na ɓoye cutar. Idan an tabbatar, maganinta ɗaya ne: barin duk abincin da ke da gulutin, kamar burodi, taliya, alkaki, cincin da tuwon semo, har abada. A kuma riƙa tambaya kafin a sayi ɗanwake, saboda ana yawan haɗa shi da fulawa.

Alhamdu lillahi, rumbunmu bai bar mai siliyak da yunwa ba. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, wake da doya, duk babu gulutin a cikinsu.