A ɗauki hoton gawo kafin a kafa duwatsun lotisma



Maganata yau a kan wayar da ke aljihunku ce, da itatuwan da ke bakin garuruwanmu. Duk wanda ya fita bayan Maraɗi ko Damagaram ya san yadda abin ke tafiya. Bana gona ce da gawo da aduwa da kuka. Baɗi an yanka fuloti, an kafa duwatsu, kafin a kawo tipar yashi ta farko an kwantar da iccen. In ka yi magana a ce maka da ma ba komai a wurin. To da me za ka musa?

Hoto ya taɓa yi wa ƙasar nan shaida. A Galma, cikin jihar Tawa, an gwada hoton da aka ɗauka daga sama a 1975 da na 2003, aka ga itatuwa sun ninka cikin gonaki. Irin waɗannan hotuna ne suka sa duniya ta yarda da sassabin zamani, aikin manoman da ke barin tohon icce ya tashi. Yanzu hoton zai iya nuna inda muke asara.

Gawo na fi ji. Da damina yake zubar da ganye, hatsi ya yi kyau a ƙarƙashinsa, da rani kuma 'ya'yansa su riƙe bisashe. Icce ne da ya ci shekaru da yawa kafin ya kai haka, injin yanka kuwa kafin azahar ya gama da shi. Dashen 3 ga Agusta yana da kyau, amma ɗan dashe a leda bai maye wannan ba.

Don Allah ba hoton faɗuwar rana nake nema ba, wanda ake zuba wa laik. Ku nemi izinin mai gona tukuna. Mutum ya tsaya jikin iccen a ga kaurinsa. A sa wata alama a hoton, masallaci ko turken lantarki, a rubuta rana da sunan unguwa. Ku tambayi dattijon wurin abin da ake yi a gindinsa. Bayan wata 6 ku koma, ku tsaya daidai inda kuka tsaya, ko kututture ne ku ɗauka.

Abin da muka tara mu kai ofishin magajin gari tun ba a sa hannu kan taswira ba, lokacin da ake iya kauce wa icce da layin hanya ko a bar masa fili. Ku turo hotunan ta saƙon wannan shafi, mu jera su unguwa-unguwa.