Canza kwas a aji ɗaya: yadda ta kasance da ni

Hirar yau ta ƙannena ce 'yan aji ɗaya a jami'a, masu cewa "ni fa wannan kwas ɗin ba nawa ba ne."

Ni ma na faɗi hakan. Likitanci na cike a JAMB, aka ba ni kimiyyar tsirrai. Shekara guda ina shiga lakca kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Da CGPA ɗina ya yi kyau sai na nemi komawa ilimin kwamfuta, aka amince. Gaskiya na samu natsuwa, don abin da kake so ko cikin dare za ka tashi ka karanta shi.

Amma ku ji inda ta ƙwaɓe. Darussan da ban ɗauka ba a aji ɗaya suka biyo ni, na ƙara shekara guda cur. Ga kuɗin rajista, ga na haya. Kwana biyu Baba bai ce mini uffan ba. Sannan takardar JAMB ɗina tsohon kwas ke jiki. Abokaina na shirin NYSC, ni ina yawon gyaran takarda. Ku kuma tuna, wanda ya haura shekara 30 kafin ya kammala, takardar yafewa ake ba shi.

To ƙanina, ƙanwata, kafin ku cike fom, ku duba ko sakamakonku na WAEC ko NECO ya cika sharaɗin sabon sashen. Kuma kwas ɗin ne kuka tsana, ko lissafin zangon farko ne ya firgita ku? Don ni a kwamfutar ma na tarar da shi yana jirana.