Mai Wasan Bidiyo a Idon 'Yan Jarida



Ranar 16 ga Afrilu, 2007, wani ɗalibi ya harbe mutum 32 a jami'ar Virginia Tech da ke Amurka. Tun ba a bayyana sunan maharbin ba, wani lauya mai suna Jack Thompson ya hau tashar Fox News ya ɗora laifin a kan wasannin bidiyo. Daga baya kwamitin da gwamnan jihar ya kafa ya fitar da rahotonsa: abokin ɗakin yaron bai taɓa ganinsa yana wasan ba, waɗanda ya buga a yarinta kuma ba na yaƙi ba ne. Abin da aka tarar shi ne matsalar taɓin hankali da aka daɗe da sani, ba a kula da ita yadda ya kamata ba. Zargin ya zagaye duniya cikin yini guda. Mutum nawa ne suka karanta rahoton?

Halin tsoho ne. A 1993 Sanata Joe Lieberman da Sanata Herb Kohl suka jagoranci zama a Majalisar Dattawan Amurka kan wasan Mortal Kombat, abin da ya sa kamfanonin wasanni suka fara rubuta shekarun da suka dace a jikin kowane wasa. A 1999, bayan kisan makarantar Columbine, sai jaridu suka riƙe wasan Doom, domin maharban biyu suna buga shi. Daga nan hoton ya zauna: saurayi maras abokai, a ɗaki mai duhu, yana koyon kisa.

Bincike bai goyi bayan wannan hoto ba. A 2011 Kotun Ƙolin Amurka ta soke dokar jihar Kalifoniya da ta hana sayar wa yara irin waɗannan wasanni, ta ce hujjojin da aka kawo ba su tabbatar da cewa wasan ne ke sa yaro ta'adi ba. Matasan Japan da Koriya ta Kudu ba baya ba ne wajen wasa, amma kisa da bindiga a can ƙalilan ne ƙwarai.

Wanda ya fi damuna shi ne binciken da Patrick Markey na jami'ar Villanova da abokan aikinsa suka wallafa a 2019. Sun bi labaran jarida sama da 200,000, suka gano cewa idan harbi ya faru a makaranta, ambaton wasan bidiyo yakan ninka sau takwas idan maharbin farar fata ne, a kan idan baƙar fata ne. Ku tsaya a nan, jama'a. Ma'anarsa, idan ɗan Bature ya yi kisa, sai a nemo abin da ya lalata shi daga waje. Idan baƙi ne, ba a wahalar da kai, an riga an ɗauka halinsa ne. Ashe labarin da ake kira na wasa yana ɗauke da wariyar launin fata a cikinsa, marubucin kuwa wataƙila bai ma lura ba.

Kuma zargin yana da masu cin moriyarsa. A 2019, bayan kashe-kashen El Paso da Dayton, Shugaba Trump ya ambaci wasannin bidiyo a jawabinsa. Kamfanin Walmart ya cire tallan wasannin faɗa daga shagunansa, bindigogi kuwa suka ci gaba da zama a kan kanta. An bar jaki ana dukan taiki.

Ba ina cewa wasan ba shi da illa ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa jarabar wasa cikin jerin cututtuka a 2019, amma da sharaɗi: sai ya hana mutum karatu ko aiki ko hulɗa da iyali, yawanci har tsawon wata 12, kuma ita kanta ta ce kaɗan ne daga masu wasa abin ke shafa. Wannan sharaɗi shi ne kan faɗi a hanya kafin labarin ya iso shafin farko. Ku da za ku riƙe alƙalami gobe, idan aka aike ku gidan gem a unguwa, inda yara ke haɗa kuɗi su buga ƙwallo a PlayStation, ku fara tambayar yaran da mai shagon kafin ku nemi mai sharhi.