ZUMUNTA A ƘAFA TAKE: JAWABI KAN ABOTAR GARURUWA

Bayan gaisuwa da fatan alheri ga sarakunan Hausawa, da limamai, da fatake, da dukkan mazauna Sabo da zango, daga Agege zuwa Badun, daga Shagamu zuwa Anacha da Fatakwal, maganar yau ta shafi wata dabara ce da Turawa suka yi domin kashe wutar gaba, watau ƙulla abota tsakanin gari da gari, da aika yara baƙunci gidajen juna.

A Turai, Faransa da Jamus maƙwabta ne da suka sha jinin juna ƙwarai. Sau uku suka gwabza cikin shekara saba'in da biyar: a 1870, da 1914, da kuma 1939. Da aka ƙare Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, da wuya a sami gida a ƙasashen nan biyu wanda bai yi makoki ba. Uba ya gadar wa ɗa ƙiyayya, kamar yadda ake gadon gona.

To, ana cikin wannan hali sai wani Bafaranshe mai suna Lucien Tharradin ya yi abin da ya ba mutane mamaki. Shi ne magajin garin Montbéliard, wanda yake gabashin Faransa. A lokacin yaƙi Jamusawa sun kama shi sun tsare a sansanin azaba na Buchenwald, saboda haka in akwai mai hujjar riƙe su a zuci, to, shi ne. Amma a 1950 ya nemi takwaransa Elmar Doch, magajin garin Ludwigsburg na Jamus ta Yamma, suka yi shawarar mutanensu su riƙa ziyartar juna. Dā ma akwai tsohuwar dangantaka, gama Montbéliard ta yi wajen shekara 400 a hannun sarakunan Württemberg, ƙasar da Ludwigsburg take ciki. Wannan ita ce abota ta farko tsakanin garin Faransa da na Jamus bayan yaƙi.

Abin lura a nan shi ne ba da takarda aka fara ba. Da ƙafa aka fara. Manyan gari suka je, 'yan wasa suka je, makaɗa da 'yan makaranta suka bi baya. Sai a 1962, bayan shekara 12 ana kai da kawowa, aka sa hannu a takardar abota. Ba kuwa a rasa tuntuɓe ba. A 1966 aka yi jana'izar wani tsohon janar na rundunar Hitila a Ludwigsburg, dubban tsofaffin sojojinsa suka hallara, ran mutanen Montbéliard ya ɓaci ƙwarai. Amma igiyar ba ta tsinke ba, domin a lokacin mutane sun riga sun san juna ido da ido.

Gwamnatoci daga baya suka biyo sawu. Ran 9 ga Satumba 1962 Janar de Gaulle, Shugaban Faransa, wanda shi ma ya taɓa zama fursunan Jamusawa tun 1916, ya tsaya a Ludwigsburg ya yi wa samarin Jamus jawabi da harshensu. Ran 22 ga Janairu 1963 shi da Konrad Adenauer, Shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, suka sa hannu a yarjejeniyar abota a birnin Faris. A cikin shekarar nan aka kafa hukuma guda ta ƙasashen biyu mai ɗaukar nauyin musayar samari da 'yan mata. Daga lokacin zuwa yau fiye da matasa miliyan 9 sun shiga wannan shiri, garuruwan da suka ƙulla abota kuwa sun haura 2,000.

Ina sirrin abin yake? Yaro ne ake ɗauka a sauke shi a gidan wanda aka ce masa abokin gaba ne. A nan zai kwana, a nan zai ci, ya ji yadda uwar gida take yi wa 'ya'yanta faɗa kamar tasa uwar. In ya komo, duk wanda ya ce masa mutanen can mugaye ne, sai ya tuna da wadda ta zuba masa abinci. Gani ya kori ji, icce kuwa tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Nijeriya ma ta yi irin wannan tunani bayan yaƙin basasa, sa'ad da gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, ana tura ɗan Kudu Arewa, ɗan Arewa Kudu. Ku kuwa mazauna Kudu, ba ku bukatar jirgi ko fasfo kafin ku yi wannan aiki. Kakanninku da suka zo fataucin goro da shanu sun san darajar mai masauki. Amma zama gari ɗaya ba shi ne sanin juna ba. Mutum yana iya shekara 30 a Sabo, bai taɓa taka gidan maƙwabcinsa Bayarabe ko Ibo ba sai ranar ciniki, kuma ranar da fitina ta tashi ciniki ba ya tare ta.

Saboda haka ku halarci sunansu da bikinsu da ta'aziyyarsu, ku gayyato su naku. Ku bar yaranku su koyi harshen garin da aka haife su, ba tare da sun yar da nasu ba. In an yi hutu, a tafi da ɗan maƙwabci Kano ko Sakkwato ya ga gida, in iyayensa sun yarda. Tharradin bai jira gwamnati ba, ku ma kada ku jira.

Allah ya zaunar da ƙasa lafiya, ya sa kowa ya gama da maƙwabcinsa lafiya, amin. Wassalam.